Takardar da ke Aljihun Baban Leb

Shekara talatin da ɗaya Baban Leb yana ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, wato leb, yana haɗa wa masu ilimi ruwan gwaji, irin wanda ake auna tsaminsa kafin a zuba furotin a ciki. Ɗaliban da ya wanke wa kwalabe sun zama farfesoshi, sun ajiye tumbi, shi kuwa abin da ya tara bai wuce ciwon gwiwa da farar riga mai huji bakwai ba, kowane huji ya san asid ɗin da ya yi shi. Matarsa ta ce ko tsumman goge ƙasa ya fi rigar mutunci.

Saura wata takwas ya yi ritaya aka kawo sabuwar Dakta, mace mai tsaftar da ke gajiyar da mutane. Aikinta shi ne ta kama wani furotin a cikin bututun gilashi mai ɗauke da ƙarfen nikel. Sau uku ana zubawa, sau uku furotin yana ficewa ta ƙasa, ko sallama babu.

"Baba, ruwanka ne," in ji ta. "Ido ya gaji, hannu na rawa. Na rubuta a mayar da kai sito."

Sito! Ɗakin da ake kai karyayyun kujeru. Shi dai burinsa ranar ajiye riga ta same shi a gaban teburinsa, ba cikin kwalaye ba.

Kuma ya san aikin. A jikin furotin akwai wani reshe da ake kira histidin, wanda kullum yake ce wa ɗalibai hannu ne. Idan ruwa ya yi tsami, ma'aunin pH ya sauka wajen shida, sai hannun ya damƙi haidurojin, ba sauran wurin riƙe nikel. Idan ya kai takwas sai ya saki, ya kama nikel ɗin. To, sau ukun nan duk takwas na'urar auna tsami ta nuna masa.

Washegari ya zaro 'yar takardar gwaji daga aljihu, irin ta da mai canza launi gwargwadon tsami, ya tsoma a ruwan. Launin shida ta ba shi. Ya duƙa da ƙyar ya leƙa kwalbar da sandan na'urar, wanda ake tsomawa a ruwa, ke kwana a ciki. Farin gishirin da ya saba daskarewa a bakinta babu shi, sai ƙyalli take yi.

"Dakta, wa ya yi wa wannan wanka?"

"Ni ce. Ƙazantar ta ishe ni. Tun makon da na zo na zubar, na sa tataccen ruwa."

"Ranki ya daɗe, ƙazantar nan ita ce abincinsa. A ruwan gishiri yake kwana. Kin bar shi da yunwa wata guda, yanzu ko lemon tsami kika ba shi takwas zai ce."

"Takarda zan yarda da ita a wannan zamanin?"

"A'a, ni ma ban ce ki yarda da tsofaffi ba. Aro sandan maƙwabta."

Ta aro. Shida da ɗigo ɗaya. Baba ya gyara ruwan, ɗigo bayan ɗigo, har ya kai takwas na gaskiya. Kafin a tashi furotin ya maƙale a bututu ya ƙi motsi.

Ba ta ce yi haƙuri ba. Ta dai je ofis ta karɓo wasiƙarta, ta ninke ta tsaf, ta jefa a kwandon shara.

"Gobe ƙarfe bakwai, Baba. Lita goma nake so."

A gida matarsa ta tare shi tun daga ƙofa. "To, Malam, an kai ka siton?"

"An fasa."

"Alhamdulillahi! Sai ka saki fuska mana."

Ya zauna a bakin gado yana murza gwiwa. Saura wata bakwai a tsaye.

"Kin san," ya ce, "a siton nan akwai kujera. Ko karyayya ce."