Kek ɗin Yaya Baturiya da Ƙugun Madam

Yayata Baturiya ba ta iya tuƙa tuwo ba, wannan ko a gabanta zan faɗa. Amma in zancen kek ne, daga Azare har Jama'are ban ga na biyunta ba.

Tana da shekara goma sha tara ta shiga shagon Madam Ebere, wata 'yar Ibo mai yin kek kusa da kasuwa. Wanke-wanke ya kai ta, ta fito da sana'a. Abin da ya fi ba ta wuya shi ne raba hawan kek mai hawa-hawa. In ana son furanni a tsakanin hawa da hawa, ba a ɗora wani kek a kan wani. Sanduna huɗu ake sokawa cikin na ƙasa har su dira a kan faranti, su fito sama da taƙi guda, sannan a aza farantin na gaba a kansu. A wannan tazarar ake jera furanni. Sanda ɗaya ta ɗara 'yan'uwanta ko da kaɗan, kek ya karkace. Madam kuwa gwajinta ɗaya ne: ta zo ta bangaji tebur da ƙugu. Sau shida kek ɗin Yaya yana kifewa, ta dawo gida da jan ido da sukari a mayafi.

Yau shekarar Yaya goma sha biyu da buɗe nata shagon. Bara aka sa bikin Adanna, autar Madam, ga shi tsufa ya sa hannun Madam ya soma rawa, ko wuƙa ba ta iya riƙewa. Gwaggon ango ta ce a kawo kek daga Jos, wai nan garin ba mai iya na furanni. Maganar ta ƙona min rai. Madam ta ce ko dai Baturiya ta yi, ko a yi biki ba kek. Ka ga ke nan mutuncin mutum biyu ya hau kan tebur ɗaya.

Yaya ta ƙi sandunan roba, ta ce zafin Azare lanƙwasa su yake yi. Kafinta ya yanka mata na katako, ta auna su da zare guda, ta goge, ta tafasa. Hawa huɗu ta yi, kowanne da kwalinsa, muka rungumo su a cinya cikin Keke Napep biyu. Furannin kuma suna cikin kula mai ƙanƙara. Sai a zauren biki ta haɗa, tana aza kowane hawa da bisimilla.

Tana saka furen ƙarshe Madam ta shigo, ta sha ado, gwaggon ango na biye da ita. Na ga ta nufi tebur.

"Madam, don Allah, yau biki ne," in ji Yaya.

Madam ko kallonta ba ta yi ba, ta bangaji tebur. Furanni suka girgiza, kek bai motsa ba. Ta ƙara, da ƙarfi. Yana nan tsaye.

Ta juya wajen gwaggon ango ta ce, "Ni na koya mata. Amma ni ban taɓa wuce hawa uku ba."

Yaya ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni kuwa ban rufe tawa ba, na tsaya ina kallon gwaggon ango har sai da ta sunkuyar da kai.