Ƙwallon da Ɗan Uhudu Bai Kama Ba

Ban taɓa ganin yayana a tsaye a bakin raga ba. A Madinar da na tashi a cikinta, wajen ƙarshen shekarun casa'in, mace ba ta zuwa kallon ƙwallo. Duk abin da na sani game da tsaron gidansa a bakin tiren abinci na ji shi, ina zuba shayi ina kasa kunne. Da waɗannan labaran na gina filin kulliyarsu, wato kwaleji, a cikin kaina, na shimfiɗa masa ciyawar da ta fi ta gaske kore, na sa masa tantabaru a kan turakun raga. Wani lokaci ina aji, malama tana karanta mana tsohuwar ƙasida, ni kuwa ina can ina kallon yayana yana tashi sama a hankali, ba ya saukowa.

Su biyu ne masu ba da labarin. Akwai Yaya, wanda ya girme ni da shekara uku, akwai kuma ɗan'uwana na nono. Wata ɗaya aka haife mu da shi. Mahaifiyarsa ƙawar Umma ce, ta kwanta ciwo bayan haihuwa nononta ya ƙafe, sai aka naɗo shi a tawul aka kawo shi gidanmu a unguwar Sih. Umma ta shayar da mu tare har aka yaye mu. Ya koma gidansu da ke gindin dutsen Uhudu, amma komawar suna ce kawai, don kusan kullum a gidanmu yake cin abincin rana. Ɗan Uhudu muke ce masa. Ba na rufe kaina a gabansa, shi kuma yana shiga kicin ya buɗe tukunya ba tare da ya tambayi kowa ba.

Yaya ne ya koya masa tsaron gida, a lungun bayan gidanmu, tsakanin tukwanen gas guda biyu da babu komai a cikinsu. Ina leƙensu ta taga, ina jin Yaya yana cewa, "Kada ka kalli ƙwallo, ka kalli ƙafar da mutum ya dasa a ƙasa." Yaron ya faɗi, ya tashi da gwiwa a kurje, ya sake tsayawa.

Umma Hausa take yi musu, su kuma su amsa da Larabci, sai in zance ya yi daɗi ko ya yi zafi su gauraya. A nan na mayar da maganarsu yadda kunnen Umma ke karɓarta. Ba ta kiran sunan Yaya saboda ɗan fari ne, "wannan yaron" take cewa, kuma ba ta yabonsa a gaban mutane. Yabon nata duka a kan ɗan Uhudu yake sauka.

Shekarar da Yaya ya shiga ajin ƙarshe a kulliya, ɗan Uhudu ya shiga ajin farko, ya kuma shiga ƙungiyar ƙwallo. Babu wanda ya ga matsala a ciki. Tsohon kocinsu, wani dattijo Basudane, yana da tsari guda: babba ya tsaya a raga har ya gama makaranta, ƙarami ya zauna a benci yana riƙe gorar ruwa har layi ya zo kansa. Haka Yaya ya zauna wa wani, haka kuma za a zauna masa.

Sai dattijon ya yi ritaya ya koma ƙasarsu. Bayan hutun zafi aka kawo sabon koci, matashi, da mataimaka biyu, ɗaya yana riƙe da agogon auna gudu, ɗaya yana saɓe da kyamarar bidiyo. Ranar farko ya sa aka tattara rigunan wasa duka a buhu ya ƙulle. Ya ce babu mai lamba, kowa zai nemi tasa.

"Umma, yau an tuɓe wa ɗanki riga a gaban jama'a," in ji ɗan Uhudu, yana wanke hannu.

"Wane ɗa? Ai kai ne ɗana."

"To ɗanki ya ci da kyau," in ji Yaya, ya tura masa cinyar kaza gefensa kamar yadda ya saba. "Benci yana son mai nauyi, ya walad, kai yaro."

"Ya shekh, ka ji tausayin gwiwar nan taka. Tana ƙara kamar ƙofar banɗakinmu. Ko kaftin sai da ya waiwayo yana neman mage."

"Ni na koya maka faɗuwa, yanzu za ka koya mini tsufa?"

Muka yi dariya har Umma ta ce mu bar abinci ya wuce maƙogwaro.

Amma da makonni suka ja, wasan baki ya fara ƙarewa. Sabon kocin yana son gola mai fitowa daga raga, mai wasa da ƙafa, mai tsawo. Ɗan Uhudu ya fi Yaya tsawo, kuma jikinsa sabo ne. Yaya ya fi shi sanin inda ƙwallo za ta faɗo, amma gwiwarsa ta hagu ta daɗe tana damunsa. Ya fara fita gudu bayan sallar asuba. Ina samun bandeji a igiyar shanya yana ɗigar da ruwa. A bakin tire kuma na lura da wani ɗan abu: in Yaya ya tura nama gefen ɗan Uhudu, sai ya mayar masa da shi a hankali, kamar bai gani ba. Naman ya tsaya a tsakiya har shinkafa ta huce.

Ni ban damu da wanda zai sa rigar ba. Tsorona shi ne ranar da za a ba ɗaya, ɗayan ya daina zama a wannan tiren. Na kan yi addu'a mai ban dariya, in ce Allah ya sa a canza dokar ƙwallo a riƙa tsayar da mutum biyu a raga.

Ranar yanke hukunci Laraba ce, bayan la'asar. Kocin ya raba 'yan wasa gida biyu, ya tsayar da kowannensu a raga ɗaya. Yaya ya dawo kafin magariba, shi kaɗai. Ya ajiye rigar a kan kujera, da lamba ɗaya a bayanta, ya wuce ɗaki. Na ɗauke ta na shinshina, tana warin buhu da sabon yadi. Umma ta kalle ta ta gefen ido, ta ci gaba da tsince shinkafa, amma na ga bakinta yana motsi da hamdala.

Ba a jima ba ɗan Uhudu ya shigo da kwalin basbusa, wani kek mai ruwan sukari, daga unguwar Anbariyya, yana ɗaga murya tun daga soro.

"Ina ango? Mabruk, ya kaftin! Umma, ki zuba masa ruwan zafi, tsoho ya sha wuya yau."

Yaya ya fito ya tsaya a bakin ƙofar ɗaki.

"Ƙwallo ta biyu," ya ce. "Me ya sa ka faɗi dama?"

"Kuskure ne. Na zata can zai buga."

"Ƙafarsa tana kallon hagu. Makaho ma ya gani."

"To na makance. Halas, ya wuce. Zo ka ci tun tana da ɗumi."

"Ta ukun fa? Ta zo ƙirjinka ka buɗe mata hannu kamar mai karɓar baƙo."

"Safar hannun ce take santsi."

"Rantse."

Ɗan Uhudu ya yi dariya, dariyar ba ta kai ko'ina ba. Ya kalle ni kamar ni zan fitar da shi. Na sunkuyar da kai.

"Ka ce wallahi ba da gangan ka bar su suka shiga ba."

Bai rantse ba. Ya tsaya riƙe da kwalin, ruwan sukari yana tsattsafowa ta kusurwa yana sauka a yatsansa.

Umma ta ajiye faranti. "Kai, wannan yaron, me kake nema ne? Ƙanenka ya yi maka kara, ya bar maka shekararka ta ƙarshe. Shi yana da shekaru a gaba. Haka aka tarbiyyantar da shi, kuma haka ya kamata."

"Umma, sadaka ya ba ni. A gaban mutane ya ba ni sadaka." Yaya ya cije leɓe. Ya juyo ga ɗan Uhudu. "Duk gudun da na yi da asuba, kana ganina ina ɗingishi, ashe ka riga ka yanke cewa ba zan iya ba."

"Ba haka ba ne, Yaya."

Ban taɓa jin ya kira shi Yaya ba sai ranar. Kullum tsoho ne, ko shekh.

"Da ka bari na faɗi da hannuna, da na rungume ka."

Aka kira sallah daga masallacin unguwa, ladanin Harami kuma yana biyo baya daga nesa. Suka fita tare saboda babu yadda za su yi, amma Yaya ne kaɗai ya dawo.

Ranar Asabar Yaya ya je wajen kocin. Ni ya faɗa wa abin da ya faru, da rana tsaka, yana zaune a matakalar bene takalmansa a ƙafa. Ya ce ya roƙi a sake gwada su, domin abokin takararsa bai yi iya ƙoƙarinsa ba. Iyakar abin da ya nema ke nan. Kocin ya sa mataimakinsa ya ɗauko kaset, suka zauna suna kallo, yana mayar da shi baya yana sake saki. Da ya gama ya kashe talabijin, ya ce golan da yake zaɓen ƙwallon da zai kama ba shi da wuri a ƙungiyarsa, ko a benci.

"Na ce masa ƙanena ne, nono ɗaya suka sha da ƙanwata, a wajenmu ƙarami ba ya tsallake babba. Na ce in kora ce ni ya kora. Ya ce nan fili ne, ba gidanmu ba." Yaya ya goge fuska da tafin hannu. "Ni kawai so nake ya yi wasa da gaske, ya ƙanwata. Shi ke nan."

Na zauna a matakalar da ke ƙasa da tasa.

Da yamma ya ari motar Baba ya tafi Uhudu. Ya dawo da wuri. Umma ba ta tambaye shi ba, don ba ta tambayarsa abu kai tsaye, sai ni na tambaya.

"Ya karɓe ni lafiya," ya ce. "Ya shigar da ni majalisa, ya kawo mini gahawa da dabino. Ya tsaya a kaina da buta yana ƙara mini. Ya ce babu komai."

Umma ta tashi ta shiga ɗaki. Mu duka mun san majalisa ɗakin baƙi ne, kuma Yaya bai taɓa zama a cikinta ba a wancan gidan.

Yaya ya tsare raga shekarar duka. An ce ya yi ƙoƙari, maƙwabta suna taya Baba murna a shago. Amma ya daina ba da labari. Yakan dawo ya ci abinci da sauri, in na ce yaya wasa ya ce alhamdu lillahi. Filin da ke cikin kaina ya fara dusashewa, tunda babu mai kawo mini abin da zan ƙara masa. Umma ta daɗe tana auna shinkafar mutum biyu a tiren, ragowar kuma a kai wa masu gadin ginin da ke kusa da mu, 'yan Nijar.

Ba su yi gaba ba. Suna gaisawa a masallaci, a wurin biki, a ranar idi, gaisuwa mai tsawo cikakkiya, irin wadda ake yi wa surukai. Ɗan Uhudu bai sake sa safar hannu ba. Ya gama kulliya ya sami aiki a garin Yanbu, can bakin teku. In ya zo Madina yakan zo gaida Umma da hantsi, lokacin da ya san Yaya yana ofis.

Wata safiya, shekaru bayan haka, ya zo ya tarar Umma ta je asibiti awon hawan jini. Ni kaɗai ce a gida. Na ce ya shigo ya jira ta, ya ce a'a, nan soro ma ya isa. Na kawo masa shayi da na'ana'a, ya zauna a kan dakalin da muke ajiye takalma. Ya yi ƙiba kaɗan, ya tara gemu. Muka yi hirar teku, da zafin Yanbu, da yaran da nake koyarwa. Sai na ji tambayar ta fito da kanta.

"Da ka tsaya da gaske ranar nan, wa zai ci?"

Ya juya kofin a hannunsa. "Wallahi ban sani ba, 'yar'uwa. Shi ma bai sani ba. Ya fi ni a wasu ranaku, na fi shi a wasu."

"To me ya sa?"

"Da safiyar ranar na gan shi a bayan ɗakin canza kaya yana ɗaure gwiwa, yana cije leɓe, bai san ina nan ba. Na ce a raina, in na karɓe rigar nan, da wace fuska zan zauna in ci abincin Umma?" Ya yi ɗan murmushi. "Na bar masa ita don in ci gaba da shigowa gidan nan. Ga ni a soro."

Na ce masa Yaya yana tambayarsa. Gaskiya ne, yana tambaya, ta hanyar Umma, kamar mai tambayar farashin kaya. Ya ce shi ma yana gaishe shi.

Wata mota ta karyo kwanar lungunmu. Ya ɗaga kai ya saurari ƙarar injin, ni ma na saurara. Ba ta Yaya ba ce, ta wuce. Duk da haka ya shanye sauran shayin ya miƙe, ya ce in gaya wa Umma zai dawo kafin ya koma. Na tsaya a bayan ƙofa ina kallonsa ta ɗan tsagin da na bari, yana tafiya a gefen inuwa har ya fita titi.