Randar Zauren Malam Audu

Wallahi wannan abin da ni ya faru, ba ji na yi ba, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Shekarun baya ina aikin rusau a Madina, ni ke tuƙa motar ture gini, sai aka tura mu wajen Ƙuba, bayan wata tsohuwar gonar dabino, inda gidajen Hausawan farko suke, waɗanda suka tako da ƙafa daga ƙasarmu suka yi gini da baƙin dutse da laka.

Ɗaya daga ciki na san shi ciki da bai, don nan Hajiya Ladi ta sauke ni da na zo garin ban san kowa ba. A zauren akwai randar da kakanta Malam Audu ya kafa, kuma dokar gidan ba a barinta ta ƙafe, ba a juye ta, sai dai a ƙara ruwa saboda masu tahowa. Hajiya na rasuwa, ko arba'in ba a yi ba, jikanta ya sayar da gidan. Na yi masa magana da Hausa, yana ji sarai, ya amsa min da Larabci wai halas, zance ya ƙare, wa ke zuwa da ƙafa yanzu. Mutumin banza, da kakan kakarsa bai tako ba a ina za a haife shi?

Ranar rusau, bayan azahar, na roƙi shugaban aikinmu, wani Bahaushen Sudan, ya bari in ɗauko randar. Wata huɗu gidan na kulle, amma na tarar da ita cike, ruwan da sanyi, moɗa a kan faifai. Shi kuma yana ta "yalla, yalla" daga ƙofa, wai in yi sauri, ni da gaggawata sai na karkata ta na tuntsurar da ruwan don in iya ɗauka. Na san dokar fa!

Sai na ji sallama a bayana. Wani dattijo ne da sanda da gora, ƙafafunsa duk faso.

"Ɗana, nan ne gidan Malam Audu? Sam min ruwa."

Ya dubi ƙasa jiƙe, ya dube ni.

"Ka zubar," in ji shi, ba faɗa ba komai. "To, akwai na baya, suna tafe."

Na ruga mota na ɗauko robar ruwana, na dawo babu kowa. Shugabanmu ya rantse ba wanda ya wuce ta gabansa. Amma ga sawun ƙafa a laka, ba takalmi, ya shigo bai fita ba.

Kuma na rushe gidan, don iƙamata, takardar zamana a ƙasar, na hannun kafil, ubangidan da ya tsaya min. Wannan ne ke cina, na fi jin haushin kaina a kan na jikan.

Randar tana ɗakina a unguwar Sih. Kullum sai na cika ta kafin in fita aiki, in dawo in tarar da ita ƙaf, kuma na duba, ba ta tsage ba. Ban sani ba ko suna zuwa sha ne, ko ita ce ta ƙi karɓar ruwa daga hannuna.

Jama'a, in kun gaji wata doka a gidan iyaye, ko ba ku gane dalilinta ba, kada ku yi gaggawar zubar da ita. Ba ku san wa ke hanya ba.