Muryar Yayata a Motar Wurno

Shekarar da na koma sayar da irin albasa a bakin tashar Goronyo na sayi wayar shafawa. A gida lafiya take aiki, a fadama ma haka. Amma ranar kasuwa, da na shimfiɗa buhu na zauna, sai ta bebance. Kira zai shigo, in ga lambar yayata da ke aure a Rabah, in shafa in kara a kunne, shiru.

Da farko na ɗora laifin a kan sabis. In na tashi na taka zuwa wajen masu rake, murya ta dawo garau. In na koma kan buhuna, ta ɗauke. To amma maƙwabcina mai tattasai layinmu ɗaya, ga shi nan zaune yana ta hira a tasa. Kuma ba kowace kasuwa ba, wata ranar har la'asar ba abin da zai faru.

Na kai wa mai gyara a cikin gari. Ya kira, ya saurara, ya miƙo mini. "Baba, wagga waya lahiya lau take."

Abin da ya ƙara ɗaure mini kai, yayata ta kira ni a gida tana faɗa. "Wa kake ba wayarka ran kasuwa? Ina sallama, wani ƙato na yi mini a'uzubillahi!" Na rantse mata wayar ba ta bar hannuna ba. Ba ta yarda ba. Ni ma na fara shakkar kaina.

Wata kasuwar da hantsi ta sake kira. Na kara a kunne, shiru kamar kullum. Sai na ji muryarta a bayana, da ƙarfi, daga cikin motar da ke lodin Wurno:

"Auta, kana ji na? Maganin basir da na aiko maka, kana sha kuwa?"

Fasinjoji suka kwashe da dariya. Direban ya yi tsalle ya fito yana salati. "Ga ta nan kuma! Jama'a, mi na yi wa matar ga?"

Na taso da waya a hannu, kunya kamar in nutse. Na ce masa yayata ce, ni take nema. Ya dube ni, ya dubi motarsa. Ashe sau biyu yana kai ta wajen mai gyaran wutar mota, har rubutu ya karɓo ya yayyafa wa kujeru.

Wata malamar asibiti da ke gidan gaba ta karɓi wayar ta duba. Ta tambaya ko na taɓa shiga motar. Nan direban ya tuna: bayan Sallah ya ɗauko ni daga Wurno, ya ari wayata ya sa mana karatun da ke ciki a rediyon mota. Ta ce bulutut ne. Tun ranar wayar da rediyon suka san juna, duk lokacin da ya kunna rediyo ina kusa, sai su haɗu da kansu, murya ta koma can.

Na ce, "Malama, ba igiya tsakaninsu, rediyon kuma ba kati, ta ina muryar take bi?"

Ta ce ta iska. Na ce ai sabis ma ta iska yake zuwa. Ta ce wannan daban, wancan daban. Na gyaɗa kai don kar in tsayar da mota, amma ban gane ba, har yau kuma ban gane ba.

Ta danna wani wuri ta raba su. Direban ya ce a gai da Hajiya, a ba ta haƙuri. Da na isar da saƙon, sai yayata ta tambaye ni mutum nawa ne a motar. Na ce biyu. Tara ne.