Cikin da Aka Ce Ya Kwanta

Maigidana yana Legas wajen cin rani cikina ya fara tasowa. A Matameye ba sabon abu ba ne namiji ya tafi bayan girbi ya dawo da ruwan farko, amma a shekarar shi bai dawo ba. Ya ce kasuwa ta buɗe masa, ƙannensa su yi masa noman. Damina ta wuce, aka shiga wani ranin, sai na ga zanena ya daina kaiwa inda yake kaiwa.

Ni dai Allah ya sani ban san hawa ba, ban san sauka ba. Kafin tafiyarsa na yi ɓari, kuma ba shi ne na farko ba, don ban taɓa kai ciki ga haihuwa ba. Tun daga nan jinina ya rikice, wani watan ya zo, wani ya ƙi. Matan unguwa kuwa sun iya lissafi fiye da ƴan lakol, masu karatun boko. Wata rana a bakin famfo wata ta dubi cikina ta ce, "Ashe maigidan ya leƙo gida ba mu sani ba?" Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Na ɗauki bidona na ɗibar ruwa ko cika bai yi ba na koma gida.

Uwar mijina, Hajiya, tsohuwa ce mai faɗa, ba ma wata doguwar hira da ita. Ran nan ta kira ni ɗakinta, ta kwantar da ni a tabarma, ta daddanna cikin.

"Ƴar nan, dube ni. Akwai abin da ya kamata in sani?"

"Wallahi babu, Hajiya."

Ta ce, "To kwantacce ne."

Wato cikin da muka zaci ya zube bai zube ba, kwanciya ya yi, yanzu ya farka. Ta ce gwaggonta a Tsauni ta yi shekaru da irinsa kafin ta haifi ɗa namiji mai kama da ubansa sak. Malamin unguwa ma ya ce maganar tana cikin littattafai. Hajiya ta ɗauki zancen ta kai shi gidan suna da gidan biki, duk wadda ta taɓe baki ta wanke ta tas. Bakin mutane ya mutu.

Ni ce na rasa inda zan sa kaina. Da idona na ga abin da ya fita daga jikina ranar ɓarin nan. To amma wa zai yi gardama da maganar da ta rufa masa asiri? Kuma gaskiya ina son ɗan, so mai tsanani. Sai ga shi na fara jin motsi. In na juya a kwance, wani abu ya gangara daga wannan gefe zuwa wancan. Ciwo ya kama ni ƙarƙashin haƙarƙarin dama, Hajiya ta ce ƙafarsa ce yake tokara ta da ita. Ƙafafuna suka kumbura, aka ce haka masu ciki suke. Idona ya yi rawaya, aka ce shawara ce, aka jiƙa mini saiwa. Da na ce zan je awo, Hajiya ta hana. Ta ce su can takarda za su ciro su ƙirga watanni, ina suka san kwantacce.

Ita ce ta gaya wa ɗanta ta waya. Abin da na ji ya ce kawai shi ne, "Allah ya raba lafiya." Bayan ɗan lokaci wani direba ya kawo saƙonsa: atamfa, da ƴan riguna, da hular jariri. Na rungume kayan na yi ta kuka. Na ce ko duk garin ya zarge ni, mijina ya yarda da ni, kuma wannan ya ishe ni.

Cikin ya ci gaba da girma, ni kuma ina ta ramewa. Numfashi ya yi wuya, ruku'u ya gagare ni, sai a zaune nake salla. Yayana ya zo daga Kance, yana ganina ya ce shi dai bai taɓa ganin mai ciki da hannuwa kamar kara ba. Suka yi ta ja-in-ja da Hajiya, a ƙarshe ya sa ni a mota sai Damagaram. Ta biyo mu, jakar kayan jariri a cinyarta.

A lopital, babban asibitin garin, aka yi mini hoton ciki, wanda suke kira eko. Likitar ta daɗe tana yawo da abin a kan cikina kafin ta ce, "Babu ɗa a nan. Ruwa ne."

Ta yi bayani a hankali. Jijiyoyin da ke kwashe jini daga hanta ne suka toshe da gudajin jini, hantar ta kumbura, ruwa ya taru a ciki, kamar yadda tsakar gida ke cika in makwarara ta toshe. Ta ce jinina yana saurin daskarewa, wataƙila ma shi ya jawo ɓarin da na sha yi. Ina jin kalmomin amma ba sa zama a kaina. Me ya haɗa hanta da haihuwa?

Na ce, "To motsin fa?"

"Ruwan ne yake kai da kawo."

Hajiya ta ce a sake dubawa, ɓuya ya yi. Aka sake dubawa. Daga nan suka soka mini allura mai tiyo a gefen ciki, ruwa mai launin ɗorawa ya riƙa zuba a kwalba. Ina kallon cikina yana saɓewa, Hajiya tana zaune ba ta ajiye jakar ba. Aka ɗora ni kan maganin tsinka jini, wanda har yau nake sha, aka hana ni gishiri da kanwa.

Bayan la'asar yayana ya kira maigidana ya miƙo mini wayar.

Na ce, "Malam, sun ce babu ciki. Ciwon hanta ne."

Na ji ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. "Alhamdulillahi," in ji shi. Sai kuma ya yi sauri ya ce, "Wato... Allah ya ba ki lafiya. Yaya jikin?"

Ya dawo gida bayan haka, ya yi jinyata, bai taɓa gaya mini wata baƙar magana ba, ni ma ban taɓa tambayarsa ba. Har yanzu ban san ko murna ya kamata in yi da sunana da ya wanku ba. Abin da na sani, duk watannin nan mutum biyu ne kaɗai suke jiran yaron nan, ni da Hajiya.