Ranar da Inna ta zubar da kuza a Bukur

Ko zan manta komai a duniya, ba zan manta tafiyarmu Bukur ta ƙasar Jos ba, a shekarun nan da kuɗin mai ya fara shigowa, kowa na sayen rediyo da babur. Ni mace ce mai son gida, kasuwar Gwiwa ma sai an ja ni. Amma da ƙanena da ke aiki a Kazaure ya sayi fijo, Inna ta kafe sai ya kai ta garin kuza, kuma ƙafarta ƙafata.

Dalili kuwa a can aka haife ni. Babanmu ya yi haƙar kuza tun kafin mulkin kai, Inna ta bi shi tana amarya. Da ta haife ni ciwo ya kwantar da ita, nono ya ƙafe, sai wata 'yar ƙasar, Kirista, ta shayar da ni tare da ɗanta. Inna ba ta riƙe sunanta ba, Ƙawa kawai take ce mata. To ga idon Inna ya fara hazo, tana tsoron ya rufe ba ta ga matar ta yi mata godiya ba.

Inna ta cika mana kunne da sanyin Jos, har muka lulluɓa da barguna tun daga ƙofar gida, ana tsakiyar bazara. Kafin Kano mun jiƙe sharkaf, man shanun tsaraba ya narke, warin daddawa ya cika sabuwar mota. Ƙanena ya ce, "Inna, don Allah ku bari mu iske sanyin tukuna." Ta ce, "Kai dai tuƙa, a cikinsa na haifi yayarka!" Da muka fara hawan tudun Jos, ni da nake taƙama da duwatsun Kazaure sai na kama bakina. Dutse kan dutse kamar wani ne ya jera su da hannu. Kunnena ya toshe, ina salati ina dariya.

Murnarmu ta tsaya a bakin wani ƙaton rami mai koren ruwa. Barikin leburan da su Inna suka zauna babu shi, an haƙe wurin kaf. Inna ta nuna tsakiyar ruwan ta ce, "Can ɗakina yake." Muka yi ta tambaya, amma wa zai gane mace da sunan Ƙawa? Ƙanena ya ce a yi haƙuri a juya. Inna kuwa sai ta nufi gangare.

A gangare akwai rafi, mata sun jeru suna wankin kuza. Yashi suke ɗiba a ƙwarya su yi ta juyawa da ruwa, yashin ya tafi, baƙar kuza mai nauyi ta kwanta a ƙasa. Inna ta ce tunda ba ta ga mutum ba, ko ƙwarya ta taɓa. Ta yar da bargo, ta ɗaure zani, ta ari ƙwaryar wata. Hannu ya shiga juyi gwanin sha'awa, ina ta guɗa a gefe.

To mu a gida, in ana rairayar gero, na sama shi ne abinci, abin da ya kwanta a ƙasa tsakuwa ce, zubarwa ake yi. Hannun da ya tsufa a kan gero fa? Inna ta tsiyaye yashi a tsanake cikin kwanon mai ƙwarya, ta ɗaga baƙar kuzar ta watsa a rafi!

Wurin ya kaure da ihu. Mai ƙwarya ta ɗora hannu a ka, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata. Sai wata tsohuwa da ke zaune kan dutse ta cire lofe daga bakinta, ta taso tana dogara sanda. Ta leƙa fuskar Inna ta ce, "Mace ɗaya na sani a duniya mai ajiye yashi ta zubar da kuza. Amaryar Kazaure, har yau ba ki koya ba?"

Inna ta saki ƙwarya ta ce, "Ƙawa!" Suka rungume juna a cikin ruwa, kuka da dariya a haɗe. Ashe ran da Inna ta fara zuwa rafin tana amarya haka ta yi, matar nan ta yi dariya har ta faɗi, sannan ta koya mata. Inna ba ta taɓa ba mu wannan labarin ba.

Tsohuwar ta juyo ta ƙare mini kallo, ta ce, "Wannan ce mai cizon nan?" Na durƙusa na ce, "Ni ce, Mama, a yafe mini." Ta ce sai ta ga atamfa tukuna.

A hanyar dawowa Inna ta ce wai da gangan ta zubar, don a gane ta. Har yau ban yarda ba. Damina na zagayowa idonta ya rufe, amma ta riga ta ga wadda take son gani.

Tun daga nan na daina jin kunyar wautata, don na ga da ita masoyi yake tuna mutum ko suna ya ɓace. Kuma in akwai wanda ya kamata in gode wa, ba na jira, mayafina nake ɗauka in tafi, duk son gidana.