Waya Ɗaya Ka Ƙulla

A bakin hanyar Kiyawa, nan cikin Dutse, akwai wani dattijon bakanike da ake kira Injiniya, kodayake sunan bai taɓa yi masa cefane ba. Gemu fari tas, riga kuwa baƙin mai ya cinye kalarta. Yadda yake karkata kunne, ka san a da sauraron inji kawai yake ya faɗi ciwonsa. Motocin yanzu kuwa 'yan boko ne, ba sa kula kowa sai kwamfuta.

Tun hantsi yana durƙushe cikin motar wata Hajiya, tabarau ɗaure da zare, yana bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Sai la'asar ya gano wadda ɓera ya ci. Mota ta tashi.

"Dubu takwas ne, Hajiya."

"Haba Baba! Waya ɗaya fa ka ƙulla, ina kallo."

Ta miƙa masa dubu uku, daidai kuɗin hayar na'urar gwajin da ya ɗauko a maƙwabta. Yana juya kuɗin a hannu, yana kallon ƙasa.

"Allah ya amfana," in ji shi, ya nufi shagon mai na'urar.